Ranar Da Tekun Indiya Ya Ƙi Haɗiye Ni

Gishiri bai gama fita daga kunnena ba nake wannan rubutu, don gara ku ji zancen daga bakina kafin bidiyon ya iso wayoyinku. Zai iso kuwa. Uwargida ta rantse 'yan ɗakinsu kaɗai ta tura wa, sai dai 'yan ɗakin nasu kowa na da dangin miji, da maƙwabta, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai.

Hutun yara na watan Agusta muka tafi Zanzibar na 'yan kwanaki, kuma kowa da abin da ya kai shi. Uwargida kanumfari da kirfa take so a kasuwar Darajani. Auta, mai shekara 7, an ba shi labarin manyan kunkuru na tsibirin Changuu. Ummi, mai shekara 12, ko'ina aka nufa ta yarda. Hajiya surukata an ɗauko ta ne ta sha iska, wai yashi mai ɗumi na taimakon gwiwa. Ni kuwa nutso ne ya kai ni, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a sauka ƙasan teku.

Tun a Kano na gama zaɓen wurare, na buga a takarda, na ja layi da jan biro. Na ɗaya Leven Bank, wani tudu a ƙarƙashin ruwa arewa da Nungwi, a mashigin Pemba, inda manyan kifaye ke yawo. Na biyu Big Wall, katangar murjani mai zurfi a gefen tsibirin Mnemba. Na uku Tumbatu, idan lokaci ya rage. Da muka isa Zanzibar, na shiga shagon masu nutso na ajiye takardar a kan tebur yadda ake ajiye takardar fili.

Malamin nutson saurayi ne ɗan garin, mai fara'a. Ya karanta takardata har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: ina katin shaidata? Na ce wane kati? Sai ya gyara zama. Ya ce wanda bai taɓa yi ba, nutson gwaji ake kai shi, iyakarsa mita 12, kuma malami na kusa da shi. Mai katin farko iyakarsa mita 18, katin kuma sai an yi kwas na kwana uku ko huɗu. Leven Bank sai ƙwararru, saboda zurfi da ƙarfin jan ruwa, ga shi Agusta lokacin iskar kusi ne mai busowa daga kudu maso gabas, tana tayar da teku. Auta ba zai shiga ba, don ba a kai yaro teku da tukunyar iska sai ya cika shekara 10. Ranar ƙarshe ma a cire ta, don wanda ya yi nutso fiye da sau ɗaya sai ya yi aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama. Ya ɗauki birona, nawa na kaina, ya soke wuraren nan uku, ya rubuta Wattabomi. Na ce ina ne nan? Ya ce a Mnemba ne shi ma, ruwa kwance, ba zurfi, can ake kai 'yan koyo.

Na shaida masa cewa ina wanka a dam ɗin Tiga tun ba a haife shi ba. Ya ce madalla, mu haɗu a tafkin otal da yamma.

A tafkin otal kuwa na burge. An sa min rigar roba mai kama jiki, da falmaran da ake hura wa iska, da ɗamara mai ƙullin dalma, na nutse ƙasa ɗif har malamin ya tafa. Ya koya mana kada a taɓa riƙe numfashi, a riƙa toshe hanci ana hurawa a hankali don kunne ya daidaita, saboda a zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na doron ƙasa. Ya kuma ce gobe za a ƙara min dalma, don ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaga mutum. Na ji wannan a matsayin ra'ayinsa.

Washegari a cikin kwale-kwale, bayan ya gama duba kowa ya juya, ɗamarar ta matse min ciki. Na zare wasu ƙullayen na tura ƙarƙashin benci. Har gobe ina kan bakata: babu mai hankalin da zai shiga teku yana ƙara wa kansa nauyi a ƙugu.

Mnemba ƙaramin tsibiri ne da ba a yarda baƙo ya taka ba sai wanda ya kama masauki a ciki, don haka duk jiragen a kan ruwa suke cincirindo. Da muka iso akwai jirage dama da hagu, cike da Turawa, mafi yawansu Italiyawa, kowa da waya a hannu. Hajiya ta ƙi zama a otal. Ta ce ta ga Bahar Maliya a Jidda, wannan ba zai ba ta tsoro ba. Ta zauna a tsakiyar jirgi da mayafinta da carbinta, rigar kariya a kan atamfa.

Aka ce mu zauna a bakin jirgi mu faɗa da baya. Na faɗa. Malamin ya nuna ƙasa da babban yatsa. Ummi ta tsaya cak a ruwa, ta ɗaga bututun falmaran sama da kanta, ta danna, ta sulale tare da mataimakin malamin suna bin igiya. Bututun nan maɓalli biyu gare shi, ɗaya na fitar da iska, ɗaya na cikawa, kuma wanda ya ƙera shi ya manna su wuri ɗaya don mugunta. Na danna. Falmaran ta rungume ni ƙam. Na ƙara dannawa, ta ƙara runguma. Sai na ce iya ruwa fidda kai, bari in yi irin ta Tiga. Na cusa kai ƙasa, na harba ƙafa.

Jama'a, abin da na gani ya isa a yi tasbihi. Farin yashi shimfiɗe, murjani kala-kala, kifaye masu ruwan ɗorawa suna wucewa garke-garke, ga wata kififiya can tana tafiyarta ba ruwanta da kowa. Abin da ya fi faranta min rai shi ne kunnena ko ɗar bai yi ba. Mutane na ta fama da toshe hanci, ni ko a jikina. Na ce ashe baiwa ce Allah ya ba ni aka bar ta tana lalacewa a ofis. Ƙafafuna kuma sun yi sakayau, ina harbawa ba na jin nauyin ruwa ko kaɗan, na ce to haka ƙwararru ke ji. A lissafina na wuce mita 12 ɗin da aka kafa min. Sai na ji wani ɗumi mai daɗi yana sauka a mazaunaina. Na tuna na karanta cewa akwai jijiyoyin ruwan ɗumi a teku, na yi hamdala da na dace da ɗaya.

Can na hango Ummi a ƙasa da ni sosai, tana ɗaga min hannu. Raina ya ɓaci. Yarinya ƙarama an bar ta ta zarce ubanta zurfi! Na kaɗa mata yatsa alamar za mu haɗu a gida. Na haɗa babban yatsa da manuni na yi wa kifaye alamar komai lafiya. Har ina tsara yadda zan sa malamin ya mayar da Leven Bank cikin takarda.

Yanzu ga abin da ke cikin bidiyon.

Teku shuɗi, kwance. A tsakiyarsa, taku kaɗan daga jirgi, wani baƙin tudu mai sheƙi ya ɓullo sama, rana na dukansa. A bayan tudun ƙafafu biyu sanye da faffaɗan takalman iyo suna tuƙa iska. Iskar falmaran duk ta gudu ta taru a ƙuguna, tunda nan ne ya fi ko'ina tudu, ta riƙe ni a sama. Fuskata kaɗai ce a cikin ruwa. Ɗumin nan da na yi wa hamdala, rana ce. Kunnen da bai yi ciwo ba, ai bai je ko'ina ba. Tudun yana juyawa a hankali, yana fuskantar jirage ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ce ba a yi masa adalci ba. Ana jin muryar Auta tar: "Umma, Abba ya zama agwagwa mai neman abinci a kududdufi!"

Na kalli wurin nan na mayar baya, na sake kallo na sake mayarwa, ina neman daƙiƙa ɗaya da ruwa ya rufe ni gaba ɗaya. Babu. Akwai ma inda hannuna ya leƙo ta gefe yana alamar komai lafiya, wani Bature ya mayar min.

Hajiya, da yake akwai kunya tsakaninmu, ba ta taɓa yi min magana kai-tsaye ba tun da na auri 'yarta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai gefe, amma bakin bai huta ba.

"Ke, ce wa maigidan naki ya daina harbe-harben nan, ba keke aka ba shi ba."

Uwargida, wayar na rawa a hannunta saboda dariya, ta ɗaga murya: "Abban Ummi! Hajiya ta ce ka daina harbawa!" Tana faɗa wa ɓangaren jikina da ba shi da kunne.

"Ce masa ya buɗe baki ya sha ruwan kaɗan, ya yi nauyi."

"Hajiya, ruwan gishiri ne fa."

"To gishiri ba abinci ba ne?"

Ta yi shiru tana jan carbi, sai ta gano bakin zaren. "Fanken nan nasu ne. Mandazi yake ko me? Ina kallonsa da safe, ya ci ya ƙara. Yis ne ke tashi a cikinsa. Duk abin da aka sa wa yis aka ajiye a rana, ai sai ya kumbura."

Hajiya haifaffiyar Argungu ce, don haka a ganinta duk wani ilimin ruwa daga kogin Matan Fada ya faro. "Mu a garinmu mutum da gora da homa yake shiga, ya fito da giwan ruwa a kafaɗa. Ba a taɓa goya wa kowa tukunyar gas ba. Wannan an goya masa, an sa masa tabarau, an sa masa takalmi, an karɓi dala, ruwan ma ya ƙi karɓarsa." Daga nan ta juya ga matuƙin jirgi, wanda ba ya jin Hausa ko ta sannu, ta nuna masa doguwar sandar da ke gefensa, ta nuna ni, ta yi alamar dannawa ƙasa. Bawan Allah ya dafa ƙirji yana girgiza kai, hawaye na zuba.

Sai ga malamin ya ɓullo kusa da ni. A ƙasan falmaran, ta baya, daidai ƙugu, akwai wata 'yar igiya da aka tanada don mai irin halin da nake ciki: in an ja ta, iskar da ta taru a wurin sai ta fita. Ya kama, ya ja.

Ban san yadda zan rubuta ƙarar ba. Doguwa ce, mai kauri, tana rawa a tsakiya, ta ƙare da 'yar siririyar shessheƙa, ga kumfa na tashi daga daidai inda kuke zato. Jirgin Italiyawa ya yi tsit, sannan ya fashe. Ƙafafuna suka faɗa ruwa, kaina ya taso, na cire tabarau ina shirin ba da labarin abin da na gano a ƙasan teku, sai na ga jirage sun kewaye ni ana tafi. Na ɗauka na zurfin da na kai ne. Na ɗaga hannu na amsa.

A cikin tafin nan muryar Hajiya ta fito, a natse, irin ta wadda bincikenta ya tabbata:

"Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. Na ce muku yis ne. Ke, ce masa ya sake alwala kafin Azahar."

Malamin ya shafa ɗamarata ya tambayi ina sauran dalmar. Kafin in tsara amsa, Auta ya jawo su daga ƙarƙashin benci: "Ga duwatsun da Abba ya ɓoye!" Aka mayar min da su, na nutse kamar kowa, kunne ya yi ciwo kamar na kowa, kififiyar kuma ta riga ta yi gaba. Da dare Hajiya ta sa aka kawo min ugali, tuwon masararsu, malmala biyu, ta aiko Ummi ta ce in cinye, shi ba ya tashi.

Don haka mai shirin kai iyali tsibiri, ga shawarata. Zurfi da iska da jan ruwa, bar wa malamin nutso ya zaɓa, ko ka ƙi ko ka so shi zai soke takardarka. Abin da ke hannunka ɗaya ne: ka tabbatar jirgin da za ka faɗa ruwa daga cikinsa ba shi ne wanda surukarka ke zaune a ciki ba.