Gaisuwar Surukai a Tibiri

Mai gyaran keke a Dogon Dutsi ya ba ni ƙa'idar tafiya mai nisa: ka hau, ka ɗora diddige a kan feda, in ƙafa ta miƙe sak, tsayin sirdi ya yi, kuma bakinsa kada ya ɗaga, kada ya duƙa. Ya daidaita, ya ɗaure. Ni kuwa ɗan jin daɗi, da na koma gida na ƙara soson katifa ninki biyu, na naɗe da tsohuwar roba, jiya na kama hanyar Tibiri gaida surukai.

A kan kwalta har Kore Mairuwa sarauta nake. Daga nan soso ya sha zufa, ya lotse a tsaka, ya kumbura a gefe, kowane juyin feda sai ya gurji cinya. Kafin in shiga yashin Dallol Mawri, daga ƙugu zuwa ƙasa ba nawa ba ne.

A ƙofar gida surukina na zaune kan tabarma da dattawan unguwa. Na matse birki. Na miƙa ƙafar dama neman ƙasa, ashe soso ya nisanta ni da ita. Na kira ta hagu, ta yi barci tun a hanya. Keke ya tsaya cak kamar mai shawara, sannan ya fara kwanciya a hankali. A hankalin nan ne takaicin. Na samu sukunin gyara murya. Na samu sukunin ganin surukina ya buɗe baki zai amsa. "Salamu alai" a sama na faɗe shi, "kum" kuwa da yashi a baki. Roba ta tsinke, soso ya yi tsalle ya dira gaban liman, tsarabar dankali ta watse, awaki suka ce gaba ta kai mu.

Surukina ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa. Wani tsoho ya leƙo ni a ƙarƙashin keke ya ce, "Yaro, in za ka hwaɗi, ka riƙa sauka tukuna." Na ce na gode, Baba. Ya ɗauki soson, ya matsa, ya juya shi, ya jinjina kai.

"Abu mai kyau. Amma mi ya kai shi bisa? Ai ƙasa za ka shimhiɗa, inda za ka hwaɗi."

Dattawa suka ce gaskiya ne. Soson dai tsohon ya tafi da shi.