Wasiƙa daga Mancesta: A Ina Za A Yi Bikin Auta?

Zuwa ga Yaya, Sabon Gari, Wudil.

Ƙaninka na Mancesta yana sanar da kai cewa saƙonka ya iso. Ka ce mai ɗakinka ta gani a TikTok ana yi wa yara bikin zagayowar ranar haihuwa, ta kafe sai an yi wa autanku, kuma tunda ƙaninka yana zaune a ƙasar masu abin, ya faɗa maka inda ya dace a yi da wanda za a kira ya sa yara dariya. To, ka tambayi wanda ya ɗanɗana. Bai daɗe da gama hidimar 'yarsa mai shekara biyar ba, har yanzu aljihunsa bai farfaɗo ba.

Kai shaida ne ba a san gidanmu da wannan al'ada ba. Idan aka tambayi Inna shekarunta, cewa take an yaye ta shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956. Kawu da shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, yake lissafin aurensa. Shi kansa ƙaninka takardar rantsuwa ta kotu ce ta ba shi 1 ga Janairu, ya zo nan ya tarar da 'yan Najeriya bila adadin waɗanda su ma ranar aka ba su. A wajenmu ranar bakwai ake yanka rago, wanzami ya yi aski, a raɗa suna, shi ke nan yaro ba zai ƙara tara jama'a ba sai walimar sauka. Amma 'yar ƙaninka a nan aka haife ta, asibiti ya rubuta rana da awa da minti. Ajinsu yara 30 ne, iyakar abin da doka ta yarda a zuba wa malami ɗaya a ƙananan azuzuwa, kuma kusan kowannensu ya gayyace ta nasa. An ci na mutane, dole a rama biki.

Rigimar farko ita ce wuri. Ƙaninka ya ce a yi a gida, uwargida ta dube shi, ta dubi falon, ta tambaye shi ko a saman firiji zai jera yaran. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, babu tsakar gida, babu ƙofar gidan da za a kafa rumfa a tare hanya. Sai ya kawo shawarar Heaton Park, wani makeken lambu mai faɗin eka 600 a arewacin birnin, shiga kyauta, har da wurin dabbobi. Ya taɓa zuwa ya ga iyaye sun yi layi suna ɗaukar 'ya'yansu hoto da awaki, ya tuna karar Wudil ranar Juma'a, inda tireloli ke lodin shanu zuwa Kudu babu mai ɗaga waya sai dillali. Abin da ya kashe maganar lambu shi ne wata. A Nuwamba aka haifi yarinyar, lokacin da ake kiran magariba wajen ƙarfe huɗu, ruwan Mancesta kuwa ba ya neman izinin damina.

Daga nan suka leƙa gidajen wasan yara na kuɗi. Wani ƙaton sito ake samu a lulluɓe shi da katifu da raga, a cika rami da ƙwallayen roba, yara su yi ta hawa suna zamewa. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga babu safa. Kowane kai da kuɗinsa, awa biyu cif, kuma sai ka faɗi adadin yaran tun ana saura kwanaki. A cibiyar kasuwanci ta Trafford akwai gidan Legoland, inda dokar ta juya: babba ba ya shiga sai da rakiyar yaro. Ƙaninka ya buga lissafin kai 30, ya mayar da shi naira, ya tuna a 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000, ya ce wa uwargida wurin ya yi hayaniya da yawa.

Wannan ƙidayar kai ba wasa ba ce a wurinsu. A Janairun 2015 jaridun Birtaniya sun cika da labarin wani yaro ɗan shekara biyar a yankin Cornwall, wanda iyayensa suka amsa gayyata amma bai je ba. Da ya dawo daga makaranta sai aka tarar da takardar neman biyan fam 15.95 a jakarsa, kuɗin gurbin da ya bari, har da barazanar kotu. Ka ga a nan wanda bai zo ba ake bi bashi. Da a Sabon Gari ne, waɗanda suka zo ba a gayyace su ba za a rubuta wa takarda, kuma da mai biki ya gina bene.

A ƙarshe ɗakin taro na unguwa aka kama. Da yawa daga irin waɗannan ɗakuna na coci ne, suna da arha kuma ba sa tambayar addinin kowa, amma uwargida ta ce ba ita za ta yi wa Inna bayanin hoton jikarta a ƙarƙashin gicciye ba, don haka aka nemi na ƙungiyar unguwa. Aka ba ƙaninka takarda ya sa hannu: zai ajiye kuɗin jingina, zai share wurin, zai kwashe shararsa ya tafi da ita, ba zai manna komai a bango ba, zai miƙa makulli ƙarfe huɗu da rabi.

Sai maganar nishaɗi. Abin da yarinyar ta fi so shi ne gidan iskan nan da ake hurawa yara su yi ta tsalle a ciki. Wani injiniya ne a jihar Luwiziyana ta Amurka, John Scurlock, ya ƙirƙiro shi a 1959, bayan ya ga ma'aikatansa suna tsalle a kan tantin iskan da yake gwadawa don rufe filin wasan tanis. A nan hukumar kula da lafiyar ma'aikata da jama'a ta ce kada a hura shi a waje idan gudun iska ya wuce kilomita 38 a awa, kuma a ɗaure shi a ƙasa aƙalla wuri shida, saboda an sha samun wanda iska ta ɗaga da yara a ciki. A cikin ɗaki kuwa sai rufi ya yi tsawo. Mai haya ya zo da ma'auni, ya auna, ya girgiza kai, ya tafi.

Ƙaninka ya ba uwargida labarin gardawan da suke zuwa kasuwar Wudil muna yara, da kura a ɗaure da sarƙa, da biri mai riga, da maciji a cikin ƙwarya. Ta ce ya nemo ɗaya. Ya bincika, ya tarar tun 1976 akwai dokar da ta hana ajiye kura sai da lasisin ƙaramar hukuma, daga Janairun 2020 kuma an hana yawo da namun daji don wasa a Ingila baki ɗaya. Nasu gardin mutum ne mai jan hanci da farar fuska da takalmi zaƙo-zaƙo. A 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield sun tambayi yara kimanin 250 game da zanen irin wannan fuska a bangon asibiti, yaran suka ce ba sa so, wasu ma tsoro take ba su. Akwai kuma wasan 'yar tsana na Punch da Judy, wanda aka fara rubuta labarinsa a Landan tun 1662, inda miji ke bin matarsa da sanda yara suna ƙyalƙyala dariya. Uwargida ta ce ba a bikin 'yarta ba.

Aka tsaya a kan wani mai rufa-ido da ke murɗa balan-balan ya mayar da shi kare ko takobi. Kafin ya zo sai da ya turo takardar inshora da takardar shaidar cewa hukuma ta binciki tarihinsa, ba shi da laifin da zai hana shi kusantar yara. Ƙaninka ya yi ta juya takardun. Gardin da ya ɗora shi a bayan kura yana ɗan shekara shida, ko sunansa babu wanda ya tambaya.

Abinci kuwa, Yaya, a nan ne ɗan Kano ya ga ta kansa. A jikin katin gayyata ana tambayar iyaye abin da jikin ɗansu ba ya so, domin akwai yaran da ƙwayar gyaɗa ɗaya za ta toshe musu numfashi, abin har asibiti, wani lokaci har rasa rai. Dokar ƙasar ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya bayyana, a ciki akwai gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, alkama, kifi da waken suya. Ka ga ƙuli-ƙuli ya fita, kantu ya fita, tuwon madara da alkaki da awara duk sun fita. Tsire ma ya faɗi, tunda da ƙuli ake yajinsa. Jikan manoman da suka tara dalar gyaɗa ya zauna yana karanta bayan kwali yana farautar gyaɗa. Alawarsu mai taushi kuma sai an duba, da yawa da sinadarin fata da ƙashin alade ake haɗa ta. Zoɓo ne kaɗai ya tsallake, shi ma iyayen suka ɗauka giya ce sai da aka yi bayani.

Kek ɗin da yarinyar ta zaɓa siffar tsutsa gare shi. Kada ka yi dariya, sunansa Colin, kantin Marks & Spencer yana sayar da shi tun 1990, kuma a 2021 sun maka kantin Aldi a kotu saboda ya fito da tasa tsutsar mai suna Cuthbert. Sai a 2022 aka sasanta. Manyan lauyoyi masu gashin doki a ka sun ci abinci a kan tsutsar cakulan.

Ranar biki, ƙarfe biyu saura minti biyar Turawa suka jeru a bakin ƙofa, kowane yaro da kyautarsa a naɗe. Mai rufa-ido ya yi aikinsa, aka yi wasan miƙa ƙunshi, wanda duk yaron da kiɗa ya tsaya a hannunsa zai ɓare rufi ɗaya, kuma an sa alawa a kowane rufi don kada wani ya yi kuka. Aka kunna kyandir biyar, yarinya ta hure su da iska da ɗan abin da ya biyo iskar, aka yanka, aka naɗe wa kowa nasa a takarda ya tafi da shi gida. Ƙarfe huɗu daidai wurin ya zama wayam.

Ƙaninka yana cikin shara sai ga 'yan uwa Hausawa sun fara isowa, mutanen Kano da Zariya da Maraɗi, an sha shadda da leshi, ana sauke kuloli na shinkafa da waina. Wanda aka rubuta wa kati ɗaya ya zo da matarsa da 'ya'ya huɗu da baƙon da ya sauka a gidansa. Makulli kuwa an miƙa shi a kan lokaci. Haka aka ɗunguma zuwa falon nan da aka ce ba zai ɗauki yara 30 ba, ya ɗauki abin da ya fi haka, aka ci tsire da yajinsa. Wata baiwar Allah ta so ta yi liƙi, sai ta tuna ƙaramar takardar kuɗi a Ingila fam biyar ce, ta fam ɗaya an janye ta tun 1988, liƙi da kwabbai kuma jifa ne. An watse kafin ƙarfe 11, lokacin da doka ta ba maƙwabci damar kai ƙarar hayaniya.

Yanzu ga shawarar da ka nema. Idan mai ɗakinka ta nace sai an fita, Gidan Zoo na Kano yana nan tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, tafiyar kimanin kilomita 40, kuma Ado Bayero Mall yana kan titin. Sai dai ka riƙe aljihunka, ka san a 2019 an yi ta yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan 7 na gidan, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu goggon biri a wurin. Amma ra'ayin ƙaninka, a yi a tsakar gida. Abin da ya biya kuɗi yana nema a Mancesta, wato fili da rana da jama'a, kai kana da shi kyauta. A sa ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da babu makarantar allo, a guji Juma'a saboda cunkoson kasuwa. A shimfiɗa tabarmi, maza su yi langa, mata su yi gaɗa, bayan magariba Inna ta yi musu tatsuniya. Kada a kai yara bakin kogi. Kada a yi liƙi, dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000. A dafa abincin mutum uku a kan kowane mutum ɗaya da aka gayyata. Tunda kuma malamai sun saɓa a kan bikin kansa, ka fara jin ta bakin liman kafin ka ji ta a huɗuba.

Gudummawar ƙaninka za ta iso ƙarshen wata, ta kek da balan-balan ce, ba ta rago ba. Idan an samu mai tahowa, a aiko masa da yaji da daddawa da busasshen kifin Wudil. Kilishi kam kada a wahalar da kai, ba a shigowa da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace shi. A gaida Inna da Kawu da Gwaggo, a shafa kan auta.

Wassalam, naka,
Ƙaninka na Mancesta.