Jirgi Ɗaya, Injiniyoyi Gari Guda

Ƙera ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot aikin mutum ɗaya ne, amma ba a barin mutum ya yi abinsa shi kaɗai. A gari irin Abare, can ƙasar Anka, duk ranar da saurayi ya shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ya baje farin soson nan da ake tokare firij da talabijin cikin kwali, ya zaro reza, to ya buɗe majalisa ke nan ko bai so ba. In kuwa ya kuskura ya ce jirgin yaƙi zai kwaikwaya, mai inji biyu, irin masu jefa bam na yaƙin Hitila, sai ya nemo ƙarin benci.

Mai fara zama, kuma na ƙarshen tashi, shi ne Injiniyan Baki. Iyakar aikinsa da sifana ɗaure madubin babur, amma ya taɓa yin rani a Kano, kuma gidan da ya sauka yana ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi su sauka filin Malam Aminu Kano. Takardar shaidarsa ke nan. Zai ɗauki ɗan injin lantarkin da aka yo oda, wanda tafin hannu ke rufewa, ya jinjina, ya taɓe baki.

"Wanga ɗan abu shi ka ɗaga jirgi? Kai dai ɗana, nemo injin janareta ka aza mai. Ƙarfi a ka so."

A yi masa bayani cewa nauyi ne babban abokin gabar jirgi, cewa jirgin duka har batir bai kamata ya wuce kilo biyu ba, sai ya zaro hujjarsa: ai a Kano wani ya ɗora injin mota. Nan kam yana da gaskiya. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, ya shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, labarinsa ya zaga duniya. Abin da Injiniyan Baki ke tsallakewa shi ne jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. A bakinsa kuwa har Kaduna ya je, ya dawo kafin la'asar.

Gefensa, kan kujerar robar da yaro ya ɗauko masa daga gida, akwai Alhaji Mai Lissafi, mai sayen zinare. Shi ba ruwansa da ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Tambayarsa ɗaya ce: nawa? Inji nawa? To ai biyu ne. Kowane inji da akwatin sarrafa gudunsa, kowane da farfelarsa, ga rimot, ga batir, ga kuɗin motar wanda ya karɓo kayan daga Gusau. Duk abin da aka faɗa sai ya juya shi zuwa buhun gero, daga gero zuwa tunkiya, daga tunkiya zuwa kayan lefe, ya kalli saurayin da tausayi ya ce, "Da yanzu ka aje mata." Sai dai dole a yi haƙuri da shi, domin a aljihunsa ake samun ɗan ma'aunin nan na zinare mai nuna ɓarin giram, kuma babu abin da ya kai shi amfani wajen tabbatar da cewa farfelar dama da ta hagu nauyinsu ɗaya. Zai bayar, amma ba zai saki ba. Yana riƙe da gefen ma'aunin, yana kallon lambobi, yana sauke numfashi: tun da ya saye shi bai taɓa ɗora masa abin da ke cin kuɗi bai dawo da su ba.

Wannan maganar daidaito ita ce dukan wahalar jirgi mai inji biyu, kuma manomi zai riga kowa ganewa. Shanun huɗa ne: in sa ɗaya ya fi ɗan'uwansa ja, kunya ta karkace. In injin dama ya fi na hagu gudu, jirgi zai riƙa juya hanci hagu. In na hagu ya mutu a sama gaba ɗaya, na dama zai murɗe jirgin zuwa ɓangaren mamacin, fiffike ya kife, kafin mai rimot ya gama salati an zo ƙasa. Shi ya sa masu wayo ke ɗaukar wutar injinan biyu daga batir ɗaya, don in za su gaji su gaji tare, su kuma sa farfelun su juya saɓanin juna.

Mutum ɗaya ne a majalisar ya san yadda ake wannan, kuma shi ne wanda ba a jin muryarsa: mai cajin waya, wanda ke taɓa gyara in kasuwa ta yi sanyi. Amsarsa ga kowace tambaya "bari mu gani". Shi ya san cewa irin wannan inji waya uku gare shi, kuma da ka musanya biyu daga ciki zai juya baya. Shi ke like wayoyi, ya hura, ya ja da yatsa ya ji ko sun kama. Rigimarsa ɗaya ce, batir. Batirin jirgi mai ɗaki uku ne, bolt 11.1, kuma in ya sha caji fiye da kima ko ƙusa ta huda shi, kumbura yake ya kama da wuta. Mutumin da wayoyin rabin gari ke jere a teburinsa ba zai yarda da wannan baƙo kusa da su ba. Sai ya ja waya har bayan shago, ya ɗora batirin kan yashi cikin tsohon kasko, ya zauna gadi, sannan ya ce kuɗin cajin na waya biyar ne, har da ladan fargaba.

Baba Tsoho ba ya zuwa sai rana ta yi sanyi. Zai duƙa ya leƙa hoton da aka buga daga intanet, ya ce ya san jirgin nan, mahaifinsa ya shige shi ranar da aka kai su yaƙin Bama. A gaskiya sojan Afirka ta Yamma jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Indiya, amma wa zai gaya wa Baba? Kuma bai yi nisa da gaskiya yadda samari ke zato ba. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano sun zo ne ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila, daga Masar. Daga 1940 kuwa, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartoum zuwa Alƙahira. Mai jan ayarin galibi Bristol Blenheim ne, mai inji biyu, mai jefa bam, ƙananan jiragen Hurricane na biye da shi. Faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 17, don haka wanda ya kwaikwaye shi kashi ɗaya bisa goma zai sami jirgi mai tsawon fiffike daidai tsayin namiji. Ashe abin da saurayin ke yankawa da reza ya taɓa keta samaniyar ƙasar Hausa da gaske. Da an kai nan Baba zai gyara zama ya ce, "Ai shi ni ka gaya muku," ya ƙara da cewa a zamaninsu ba a yin jirgi da soso.

Akwai wanda ba ya zama ko kaɗan. Mai Raɗa tsayawa yake daga nesa, hannu a baya, ya yafito saurayin gefe.

"Ƙanena, an san kana wanga aiki?"

"Wa, Yaya?"

Sai ya ɗaga gira sama, ya yi shiru. Ana yi masa dariya, amma ni ban cika yi ba. A watan Maris na 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyar Zamfara, kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A jihar da aka sha jin jirgin yaƙi ya yi kuskure kan farar hula, ƙara daga sama ba abin wasa ba ce, balle ga matar da ke ɗebo itace da goyo. Mai hankali kan je wurin mai gari da jami'an tsaro tun kafin fenti ya bushe. Laifin Mai Raɗa ɗaya ne: bayan ya gama gargaɗin cewa a rufa asiri, kafin magariba ya gaya wa mutum ashirin, kowanne a asirce, kuma a bakin na ashirin jirgin ya riga ya sami bam na gaske.

Su kansu maƙeran iri biyu ne, ba su kuma ga maciji da juna. Akwai Mai Ƙawa, wanda jirginsa ba ya ƙarewa. Ya yanko gilashin matuƙi daga gorar ruwa, ya sassaƙa ɗan matuƙin da sabulu har da gashin baki, ya ɗiga kan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Ka tambaye shi yaushe za a tashi, ya ce bayan salla. Bai dai faɗi wace ba. Can ƙasan ransa ba ya son ya tashi, don ya san abin da ƙasa ke yi wa fenti. Ɗaya kuwa Mai Wuta-wuta ne. Shi ne ke ɗiga sufa-gulu kan farin soso ya tsaya yana kallon fiffike na narkewa, shi ne ke fesa fentin mota ya sami rami inda ya bar gangar jiki. Ba ya gwada nisan rimot, ba ya duba ko in ya karkata sanda dama jirgin dama zai bi. Kuma ba ya auna ma'aunin jirgi, alhali aikin minti ɗaya ne: ka sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, wajen kashi ɗaya bisa uku daga gabansa, ka ɗaga. In hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In jela ce ta yi ƙasa, kada ka tashi, don jirgin zai ɗaga kai ya tsaya cak ya rikito.

Maganin jela mai nauyi shi ne a ƙara wa hanci nauyi, kuma a duk bidiyon Turawa abin da suke cusawa dalma ce. Nan ne Injiniyan Baki zai ce a fasa tsohon batirin mota a narke. Nan ne kuma majalisar Abare ke daina dariya. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a wannan yanki, Abare da Dareta da Sunke da 'Yargalma da sauransu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shafe shekaru suna wanke jinin yara. Ba sai an yi dogon bayani ba. Wani dattijo zai ce "a'a" sau ɗaya, a aika yaro wurin mai gyaran babur ya roƙo tsofaffin notuna, a naɗe su da salatif.

Kaka ba ta zuwa majalisa, amma ita ce babbar mai hannun jari. Takalminta na soso ne ya zama tayoyi. Ƙarafan lemarta ne ke tura jela. Zaren ɗinkinta, almakashinta, har murfin kwanon shanta da aka zana da'ira da shi ba a mayar ba. Tana leƙowa ta kan katanga ta ce, "Kai mai gidana, in ya tashi ka kai ni Makka, in bai tashi ba ka biya ni takalmina." Cikin duk masu magana ita kaɗai ta kawo yarjejeniyar da lauya zai iya sa wa hannu.

Mai Taɓawa ba ya buƙatar dogon bayani. Duk abin da ke motsi sai ya lanƙwasa da hannu ya ji, har haƙoran ɗan injin da ke kaɗa jela su zube. Farfela ce kaɗai ke iya yi masa wa'azi, kuma sau ɗaya take yi.

Ranar tashi, da sassafe kafin iska ta taso, a fegin da aka girbe gero, sai ga mutanen da ba a taɓa gani a gindin dogon yaro ba. Ga mai ɗaukar bidiyo don TikTok, wanda zai juya kyamara ga fuskarsa yana gaida mabiyansa daidai lokacin da tayoyi suka bar ƙasa. Ga mai ba da umarni, yana ihun "sama! sama!" a kunnen mai rimot, alhali jan sama da yawa shi ke kayar da jirgi. Ga wanda ya shirya jumla biyu tun daga gida, "ai na faɗa zai tashi" da "ai na faɗa", yana jiran ya ga wadda za ta yi amfani. Ga rundunar yara, waɗanda su ba tashin suka zo gani ba. Sun riga sun raba gawa tun tana da rai, wane taya, wane farfela, kuma da hanci ya caki kunya sun isa wurin kafin ƙura ta kwanta.

Daga bayan taro kuma taubashin maƙerin ne, wanda bai taimaka da ko tsinke ba, amma shi ke da ikon raɗa suna. In jirgi ya zaga sau biyu ya sauka lafiya, zai ce iska ce ta ɗauke shi, ko leda ma tana haka. In ya faɗi, daga ranar saurayin ya zama Kyaftin, har a katin ɗaurin aurensa. Shi ne zai tako a hankali, ya tsuguna kusa da mai tattara gutsattsarin soso, ya ce, "Sannu da sauka, Kyaftin. Fasinjojin Gummi na tambaya, su jira na gaba ko su nemi babur?"