Yadda Ake Lallashin Dutse Mai Taurin Kai

A Amurka akwai mutanen da ke zuba tsakuwa a cikin gangar roba, su ƙara ruwa da garin goga, su jona wuta, su bar gangar tana juyawa dare da rana har wata guda, ba don komai ba sai don su ga dutse yana sheƙi. Abin ya samu karɓuwa can tun shekarun 1950, yau kuma ƙaramin injin ya zama kyautar da ake saya wa yara. Aikin da kogi ke yi wa tsakuwa cikin shekaru aru-aru, shi ake so injin ya gama cikin makonni. Da aƙiƙ da jasfa ba a samun rigima, duwatsu ne masu ladabi, ko sabon shiga ya zuba su za su fito suna ɗaukar ido. Rigimar tana wajen obsidiyan da fulorait da labradorait da danginsu, waɗanda za ka yi wa hidimar mako huɗu, ka hana gidanka barci, ka buɗe ganga da murna, su dube ka dusu-dusu ko godiya babu.

Kafin ka ɗora wa injin laifi, ɗan'uwa, fara tambayar kanka su wa ka haɗa ɗaki ɗaya. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Daiman ne a 10, kwaz a 7, aƙiƙ da jasfa suna nan dab da shi. Labradorait yana wajen 6, obsidiyan 5 zuwa 5 da rabi, fulorait 4, kalsait 3. Idan ka zuba mai 7 da mai 4 a ganga ɗaya, ka haɗa kura da akuya ka ja ƙofa ka tafi. Bayan mako guda aƙiƙ zai fito garau, fulorait kuwa sai dai ka nemi ɓurɓushinsa a cikin laka. Ba ka bukatar na'ura kafin ka raba su. Ɗauko wuƙar ƙarfe ka ja a jikin dutsen: idan ta yi masa tabo, na laushi ne, a ware masa tasa gangar; idan ta zame ta bar layin ƙarfe kawai, na tauri ne. Wanda farcenka ya iya karcewa kuwa, mayar da shi aljihu, ba ɗan ganga ba ne.

Akwai kuma waɗanda ko shekara za su yi suna juyawa ba za su yi ƙyalli ba. Dubi inda dutsen ya fashe. Idan wurin sumul yake mai santsi, akwai fata. Idan kuwa ya yi gari-gari, kana murzawa yashi na zuba, ka haƙura da shi, domin yashin da zai riƙa zubarwa shi zai karce sauran. Giranit yana tsaka-tsaki: a jikinsa akwai kwaz mai 7, akwai felsfa mai 6, akwai maika mai laushi ƙwarai. Garin goga zai cinye mai laushin ya bar mai taurin a tsaye, sai dutsen ya fito da ƙananan ramuka. Ana iya rage wannan, amma ba a raba shi da halinsa gaba ɗaya.

Tsarin da aka saba matakai huɗu ne, kowane kamar mako guda. Ana farawa da garin silikon kabayid mai kauri, lamba 60/90, wanda ke cinye kusurwa da kaifi. Sai 120/220, sai 500, sannan garin sheƙi, galibi aluminiyam okzayid. Ana zuba kamar babban cokali biyu ga kowane rabin kilo na dutse, a sa ruwa ya tsaya ƙasa kaɗan da saman duwatsun. Abin da sabon shiga ba ya son ji shi ne, wannan "mako guda" na matakin farko ƙa'ida ce ta takarda. Dutse bai san kalanda ba. Mai tauri da ramuka zai iya neman mako uku, ko shida, ana wankewa ana sake zuba sabon gari. Duk ramin da ka ɗaga wa ƙafa a matakin farko zai bi ka har ƙarshe, domin matakan baya ba sa gyara siffa, goge zanen na gaba da su kawai suke yi. Da Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, ashe har da mai ganga yake nufi. Duwatsu masu laushi kuwa akasin haka ake bi da su: tsallake gari mai kauri, fara da 120/220, ka riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu, don kada ka zuba dutse kamar goro ka kwashe kamar gero.

Yanzu mu zo ga shagwaɓaɓɓen gida, obsidiyan. Gilashi ne da aman wuta ya haifa, ya huce da sauri, baƙi wuluk mai kyan gani. A jihar Arizona akwai ƙananansa masu zagaye da ake kira hawayen Apache, in ka ɗaga su ga rana haske na ratsa su. Obsidiyan ba ya son a buge shi, ko da ɗan'uwansa ne. Da zarar biyu sun gwabza a cikin ganga, gefen kowanne zai yi fari-fari, ƙujewa ce wadda garin sheƙi ba ya iya ɓoyewa. Maganinsa matashi. Cika gangar zuwa kashi uku cikin huɗu, kuma rabin abin da ke ciki, ko fiye, ya kasance 'yan guntayen tangaran da ake sayarwa don wannan aiki. Su ne ke shiga tsakani, su hana faɗuwa daga sama, su kuma kai gari lungu-lungu. Sannan ka kasa kunne. Ganga mai lafiya gurnani take yi a hankali, shuu-shuu, tamkar ana jan tsakuwa a ruwa. Idan kana jin ƙwas-ƙwas, dambe ake yi a ciki, tsayar da injin ka ƙara tangaran. Lakar ma tana taimakawa idan ta yi kauri daidai, kamar kunun da bai daskare ba. Shi ya sa wasu ke ƙara ɗan sukari a matakan ƙarshe don ruwan ya yi danƙo.

Wani halin obsidiyan da gilashi shi ne tara iska a cikin ganga. Kullum ka duba gindinta. Idan ya kumbura, buɗe murfin ka bar ta ta yi gyatsa, ka goge bakin, ka mayar. Wanda ya ƙi yin haka zai wayi gari murfin ya yi tsalle, laka ta yi wa bango fenti, uwargida kuma tana tsaye a ƙofa da tambayoyin da ba su da amsa.

Fulorait da labradorait nasu ciwon daban ne. A cikin halittarsu akwai layukan da suke tsagewa a kai: fulorait ta fuska huɗu, labradorait ta fuska biyu. Kana ganin ka kusa gamawa, sai wani ɓangare ya ɓalle ya fito da sabon kaifi, kaifin kuma ya zagaya ya yanki kowa. Irin waɗannan sun fi jin daɗin injin da ke kakkarwa maimakon juyawa, domin a cikinsa duwatsu goga juna suke yi ba faɗowa kan juna ba, kuma ya fi sauri. Sai dai ba ya mulmula dutse ya zama zagaye, don haka masu harkar kan fara da mai juyawa, su ƙarasa da mai kakkarwa. Ga masu laushi sosai, wasu kan yi matakin ƙarshe babu ruwa, da niƙaƙƙen totuwar masara da aka cuɗa da garin sheƙi. Shuɗin hasken nan da ke gilmawa a jikin labradorait idan ka karkata shi ya cancanci duk wannan wahala, ni dai a wurina.

To amma babban ɓarawon ƙyalli ba taurin dutse ba ne, ƙazanta ce. Ƙwaya ɗaya ta gari mai kauri, ta maƙale a cikin tsaga ko a bakin murfi, ta isa ta ɓata mako guda na matakin ƙarshe. Za ta faɗo cikin garin sheƙi ta yi ta zane a jikin kowane dutse, kai kuwa kana can kana yi wa maƙwabta alƙawarin abin mamaki. Saboda haka tsakanin kowane mataki a yi wanka na gaske. Juye duwatsun a matsamin roba, kada na ƙarfe, don ƙarfe na barin layi a jikinsu. Ɗauki tsohon buroshin haƙori ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka bi gangar, ka bi murfin, ka bi ƙarƙashin farcenka. Kada ka bari laka ta bushe a jikin dutse, ajiye su cikin ruwa har ka gama. Wanda ke da rami ko tsaga, a mayar da shi aji ɗaya ba tare da jin kunya ba. Idan ƙwayoyin roba kake amfani da su a madadin tangaran, kowane mataki da nasa, domin roba tana haɗiye gari ta riƙe. Mai hali kuwa ya sayi ganga ta biyu wadda ba abin da zai taɓa shigarta sai garin sheƙi.

Garin sheƙin kansa a duba shi. Wanda ke zuwa cikin kwalin injin yara sau da yawa bai kai laushin da ake bukata ba, ya kan bar dutse da santsi amma babu haske. Nemi aluminiyam okzayid mai laushi, lamba 8000 ko sama. Ga obsidiyan da gilashi, siriyam okzayid ya yi suna. Duwatsu masu gardama suna son a ƙara musu mataki ɗaya kafin na ƙarshe, aluminiyam okzayid lamba 1000. Dalili kuwa, silikon kabayid in ya farfashe kaifi yake ƙarawa, shi kuwa aluminiyam okzayid mulmulewa yake yi yana ƙara laushi. Bayan an gama, a kankare ɗan sabulu marar turare a cikin ruwa mai tsabta, a bar gangar ta juya na wasu sa'o'i, ya fitar da farin garin da ya laɓe a lunguna.

Kada kuma ka yarda da shaidar jiƙaƙƙen dutse. Kowace tsakuwa sarauniya ce idan tana cikin ruwa. Tsamo guda ɗaya, goge ta da tsumma, bar ta ta bushe sarai, ka kai ta bakin taga. Idan kana ganin taga a jikinta, an gama. Idan hasken ya tafi tare da ruwan, mayar da ita, ka ƙara mata kwanaki. Shafa wa dutse mai don ya burge baƙi kuwa ha'inci ne, kuma ƙura za ta tona asiri kafin sati.

Wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, akwai ƙarin aiki a kansa. Idan ganga ta daɗe a tsaye, laka tana kwantawa a ƙasa ta kama duwatsun ta dunƙule su wuri guda. In wuta ta dawo, ɗauki gangar ka girgiza ta da kyau sai ka ji komai ya saki, sannan ka mayar kan injin, ka kuma ƙara sa'o'in da aka rasa a lissafinka. Ita wannan lakar, ko da wasa kada ka zuba ta a bututun wanke-wanke ko na bayi. Garin dutse ce tsagwaronta, tana kwantawa a lanƙwasar bututu ta daskare, mai gyaran famfo kuma ba zai karɓi tsakuwa mai sheƙi a matsayin ladansa ba. Tanadi bokiti guda, juye ta a ciki, bari ta kwanta, tsiyaye ruwan sama a bayan gida, busasshen kuma ya bi shara.