Likitocin Fayil Ɗin da Ya Ƙi Sauka

Daga Dumega zuwa Tibiri har Dogon Dutsi, kowace rumfar cajin waya tana da likitocinta. Da zarar da'irar nan ta WhatsApp ta tsaya a rabi, saƙon Faransanci ya fito cewa saukewa ta gagara, sai hannaye su miƙo ta ko'ina. Abubuwan da ke hana fayil sauka suna da yawa, amma kowane likita cuta ɗaya ya sani, kuma a kanta zai tashi kiyama.

Mai Ɗaga Hannu. Shi komai rezo ne. Zai karɓe wayar ya ɗaga sama, ya hau amalanke, ya juya gabas ya juya yamma. Wani lokaci yana da gaskiya: idan 4G ya koma harafin E a saman allo, fayil mai mega 20 zai ci fiye da minti 10 ko da hanya ta yi kyau. Sai dai ko sandunan rezo sun cika, hannunsa ba ya sauka.

Mai Dannawa. Ba ya tambaya, ba ya karatu, dannawa kawai. Idan manhajar ba ta iya ci gaba daga inda ta tsaya ba, kowace dannawa daga farko take somawa, kamar mai ɗiban ruwa da ke zubar da rabin tulu duk lokacin da igiyar guga ta kuɓuce. Kafin la'asar forfen dala ɗari ya ƙare, fayil bai zo ba, shi kuma yana rantsuwa cewa sace masa mega aka yi.

Mai Layi Huɗu. A aljihunsa akwai Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom, ƙunshe a takardar sukari. Yana cire wannan yana sa wancan da tsinken sakace, yana ba da tarihi: Zamani ai Orange ce kafin a sayar da ita a 2019. Tarihin daidai ne. Abin da bai duba ba shi ne hanyar da saƙon ya nufa. Idan uwar garke ta amsa da 404, fayil ɗin ba ya can, kuma layi arba'in ma ba za su haife shi ba.

Hajiya Mai Ajiya. Wayarta cike take da bidiyon suna da biki, da wa'azin da aka turo mata sau biyar, da hoton kowane jika tun ranar aski. Fayil ya zo har ƙofa, babu wurin zama. "Inna, a goge wanga?" "A'a, ɗana, wannan auren ɗiyar ƙanwata ne." "To wanga fa?" "Shi ma auren ne, daga wani gefen." A ƙarshe za ta yanke hukunci cewa wayar ce ta tsufa.

Masanin Duniya. Ya ji a rediyo cewa ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahala. An gyara igiyoyin tuntuni, amma shi bai sake su ba. Ko batirinka ne ya mutu, zai girgiza kai ya ce, "Teku ne."

Mai Gyara. Maganinsa ɗaya, a wanke waya gaba ɗaya, jaka biyu. Lambobi su tafi, hotuna su tafi. Sau da yawa ciwon bai wuce agogo ba: idan kwanan watan wayar ya koma shekarun baya, sai ta ɗauka takardar shaidar tsaron da shafin ya nuna ba ta da inganci, ta ƙi haɗuwa. Gyaran minti ɗaya ne, kuma gyaran minti ɗaya ba ya kawo jaka biyu.

Ɗan Birni Mai Manhaja. Wannan ya fi kowa ilimi, shi ya sa ya fi kowa wuyar sha'ani. Ya rubuta manhajarsa a Yamai, cikin ofis mai wifi, ya ba ta daƙiƙa 10 ta jira amsa, in ba ta samu ba ta haƙura. Bai sa ta gwada girman abin da ya iso da girman da aka yi alkawari ba, don haka rabin fayil ma tana cewa an gama. Bai koya mata roƙon ragowar kaɗai ba, alhali hanyar tana nan, lambar amsarta 206. Wani lokaci shafin gargaɗi take ajiyewa da sunan PDF, mushe ya buɗe takardar jarrabawa ya tarar da sanarwar ƙarewar forfe. Ka kira shi daga Dallol Mawri ka yi ƙorafi, amsarsa a shirye take: "Ai a wurina tana aiki." Gaskiya ne. Shi da kujerarsa ba su taɓa samun matsala ba.

Mai Karantawa. Wannan ita ce ba a cika samu ba, kuma yawanci yarinya ce ƴar koleji da aka aiko karɓar wayar babanta. Tana karanta abin da allo ya rubuta har ƙarshe. Tana duba saura mega nawa, saura wuri nawa, yau nawa ga wata a wayar. Tana gwada wani ƙaramin fayil don ta san ko hanya ce ko kayan ne. Abu ɗaya take canzawa kafin ta sake gwadawa. Sannan ta rusuna ta ce, "Baba Alhaji, cewa ya yi fayil ɗin ya daɗe, a roƙi wanda ya aiko ya sake turowa."

Sai a kira ɗan da ya aiko, wanda ke ci-rani a Kwatano, ya sake turowa, fayil ya sauka nan take. Alhaji ya gyara hula ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan, ya aike ta sayo sukarin shayi.