Jitar Kofa da Likitocin Lahodu

In dai maganar ban ruwa ce, mu mutanen ƙasar Wurno ba mu da malami. Yaro ɗan shekara goma a Lahodu zai dubi ganyen tafarnuwa ya gaya maka jiya ta sha ko shekaranjiya, ya dubi albasa ya ce an cika mata ruwa, ba za ta yi ajiya ba. Ga Gulbin Rima ya ratsa ƙasarmu, ga madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Amma duk cikin wannan taron masana aka rasa mutum ɗaya da zai dubi jitata ya ce ƙishirwa ke damunta, alhali ruwan da take nema bai cika kofin shayi ba.

Jitar ta wani kofa ce, ɗan bautar ƙasa daga wajen Fatakwal da aka turo makarantar da nake koyarwa. Da damina ya zo da ita bayan wani hutu, don haka baiwar Allah ba ta taɓa yin ido biyu da hunturu ba. Da zai tafi a watan Oktoba kaya suka yi masa yawa, ya bar mini ita a bakin bashin ƙwai da kuɗin cajin waya. Ya koya mini 'yan kamu, ya nuna mini yadda ake murɗa kunnuwan nan shida har kowace tsirkiya ta hau muryarta, ya shiga mota. Abin da bai faɗa ba shi ne katakon jita yana son iska mai danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ina zai sani? A garinsu neman tsari ake da danshi. Mu kuwa in hunturu ya kankama sai ya faɗo ƙasa da kashi 20.

Kawu ne ya fara nuna rashin yarda. Ya same ni a zaure ina fama, ya tsaya ya dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Malam guda da kai, mi kaka yi da wagga aba? Ƙasar da Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837 za ka mayar muna gidan rawa?"

Na ce, "Kawu, ilimi ne." Ya ce Allah shi kyauta, ya wuce.

Watan Disamba na tsayawa jita ta soma sauya hali. Ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta suka leƙo ta gefe suna yankar hannu, domin katakon ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ruwansa da hunturu. Fuskarta, wadda kaurinta bai wuce milimita 3 ba, ta lotsa ciki, tsirkiyoyi suka sauko suna gogar ƙarafan. Ko wace ka taɓa sai ta amsa maka da ziza. Yanzu ne nake iya jero wannan bayani. A lokacin abin da na sani kawai shi ne kayana ba lafiya, kuma Lahodu ba ta rasa likitoci ba.

Na fara da mai gyaran babur. Mutumin kirki ne, amma aƙidarsa ɗaya ce tak: duk abin da ke ƙara sako-sako ya yi, a ɗaure shi. Ya haska fitilar waya cikin ramin jitar, sai ga kan wata sandar ƙarfe da ke ɓoye cikin wuya. Fuskarsa ta washe.

"Malam, ai ga ciwon nan. Noti na ya kwance."

Ya ɗauko ɗan makullinsa mai kusurwa shida, ya dafe jitar da gwiwa, ya shiga murɗawa. Ita wannan sanda aikinta ta ja wuya baya don ta rinjayi jan tsirkiya, kuma masu sana'ar rubu'in zagaye suke murɗa ta, su jira ta kwana su gani. Shi kuwa bai san rubu'i ba, sai da katako ya yi ƙara sannan ya yarda ya ɗauru. Wuyan ya banƙare, tsirkiyoyi suka kwanta male-male a kan ƙarafa. Da ya ji zizar ta ninka, sai ya ce saura kunnuwa. Murɗa biyu, siririyar tsirkiyar ta tsinke ta zane shi a kumatu. Ya karɓi kuɗin aiki, ya nemi na magani.

Daga nan sai Inna. Ita ce ta hango wata 'yar tsaga da ta ɓullo ƙasa da jakin da tsirkiyoyin ke ɗaure a jikinsa. Ta sa farce ta bi ta, ta girgiza kai.

"Hwaso na, awa na diddigen babanka. Kawo man kaɗe."

Wa zai yi wa mahaifiyarsa musu a kan maganin faso? Shekara nawa tana yi, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Ta cusa man kaɗe cikin tsagar, ta bi fuska da wuya da man gujiya har jita ta yi ƙyalli. Gaskiya ban taɓa ganin ta yi kyau irin na ranar ba. Kwana bai yi nisa ba kiyashin unguwa suka samu labari. Sahu suka yi tun daga bakin ƙofa, suka hau bango, suka bi ta wuya suka shige rami. Ƙurar hunturu ita ma ta samu wurin zama. In na rungume ta na tashi, sai Inna ta tambaye ni ko gidan mai ƙuli na biya.

Saura tsirkiya. Ba a sayar da ita a Lahodu, sai an dangana da Sakkwato, hanya kuwa a wannan zamani ba a hawanta don abin da bai kai ya kawo ba. A nan ne ilimina ya yi rana. Na san Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yau yake kiɗa a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya ɗaura wa jitarsa ta farko. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ma da gwangwani da sanda da wayar birki ya fara. A gida kuma ga Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zagaya duniya. Na je wurin mai gyaran keke, muka warware wayar birki, muka zare sila ɗaya muka ɗaura. Ta yi magana! Murna ta sa muka sauya wasu biyu da suka yi tsatsa, muka riɓanya musu sila don su yi kauri. Da yake kofa ya tafi da kunnensa, ni nake saita murya da nawa, kuma nawa kunnen kullum gani yake a ƙara. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, in an saita su daidai, jan da suke wa jaki ya kai kusan kilo 70. Nawa Allah kaɗai ya san kilonsu.

Sai bazara ta shigo. Ɗakina rufin kwano ne, zafin waje ya haura digiri 40, na ciki ba a magana. Gam ɗin da ke riƙe da jaki ba ya jure irin wannan gashi, laushi yake yi. Wani dare, gari ya yi tsit, sai ji muka yi tau! Jaki ya ɓalle ya daki kwano, tsirkiyoyi suka bi shi da kuwwa. Mu da yanzu ko murfin tukunya ya faɗi da dare sai kowa ya laluba takalminsa. Kafin in gane abin da ya faru gida ya watse. Kawu, mai ciwon gwiwar da ke sa shi sallah a zaune, a bayan rumbun maƙwabta aka same shi, kuma tsakaninsa da rumbun akwai katanga. Har gobe cewa yake ta ƙofa ya bi.

Kafinta ya duba ya ce aikin minti biyar ne, ƙusa huɗu. Da na ga ya ɗaga guduma na sungumi kayata na fita ba sallama.

Ranar kasuwar Acida na cusa ta a buhu, da niyyar in samu mai ƙarar kwana ya saya. A wajen 'yan dabbobi wani Ba'abzine daga wajen Abalak ya hango wuyanta ya leƙo, ya yafito ni. Ya zare ta, ya juya ta, ya kai hanci bakin ramin, ya daɗe.

"Abokina, ƙosai anka soya cikinta?"

Na kwashe labari na gaya masa. Bai yi dariya ba, sai dai rawaninsa ya yi ta motsi. Ya ce jitar mai kyau ce, shi ya sa ta wahala: fuskarta katako ne sak, da irin mai arhar nan ce ta filawud da ba ta tsage ba. Ya ce tun ranar da ta fara ziza, soso ne maganinta. A jiƙa shi, a matse har ya daina ɗiga, a sa cikin gidan sabulu da aka huda, a rufe shi tare da jita cikin jakarta ko babbar leda. Katako ya sha a hankali, fuska ta taso, tsaga ta haɗe bakinta. Na ce, shi ke nan? Ya ce shi ke nan. Na tuna kuɗin magani da na biya mai babur.

Ya sassauta sandar wuya kaɗan, ya ce in riƙa ƙara rubu'i ina bari ta kwana har wuyan ya dawo. Da kasuwa ta zagayo na mayar masa da ita ta sha ta ƙoshi. Ya yi ta goge man Inna da sifirit yana tsaki, don gam ba ya kama wurin da mai ya shiga. Ya kankare tsohon gam, ya shafa farin gam na kafintoci, ya ɗora jaki, ya danne da guntun katako, ya naɗe da robar tayar keke, ya ce kar a taɓa sai ta kwana ta wuni. Wani direba ya sayo mini tsirkiyoyi na gaske daga Sakkwato. Sauran dokokin a tsaye ya ba ni su, yana cinikin akuya: in saita murya da manhajar waya, in bar kunnena ya huta, in goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk na gama, don gumi ke cin ta, kar in jingina ta inda rana ke bugu ko kusa da wutar jin ɗumi, kar in aje ta ƙasa, gara ba ta san kiɗa ba. In damina ta sauka kuma in cire soson, don lokacin cikinta zai kumbura, tsirkiya ta yi sama, tsatsa ta zo gaisuwa.

Jita ta warke sarai. Murya tangaran, ba ziza, ba gargada, tun daga zaure ana jin ta har bakin masallaci. Nan wata sabuwar fitina ta taso, wadda Ba'abzine bai yi mini gargaɗinta ba. Da can in na kaɗa, mutane tausayina suke ji, suna cewa kayan ne ba lafiya. Yanzu da kowane sauti ke fita a fili, sai aka fara duban mai kayan. Yaran da ke taruwa suka rage. Jakin maƙwabta, na gaske mai ƙafa huɗu, ya ɗauki al'adar amsa mini.

Sai soso ya fara ɓata. Na sayo wani, shi ma ya bi sahu. Na uku a hannun Inna na gan shi tana wanke kwanoni, ta ce Kawu ne ya kawo mata kyauta, har ta sa masa albarka. Na same shi a zaure na ce, "Kawu, ai sai jitar ta sake lalacewa."

Ya gyara zama, ya miƙe gwiwar nan tasa, ya ce, "Ɗana, ni ban hana ka iliminka ba. Amma in ka yarda ka mayar da ita wurin mai gyaran babur shi ƙara duba ta, kuɗin aiki da na magani duk ni ka biya, in ƙara maka da buhun tafarnuwa."