Kyamarar Sankase

A zangon Zebilla, duk mai biki sai ya aika Bawku ko Bolga a kira masa mai bidiyo, shi kuwa gogan yakan iso bayan an watse, ya ɗauki tabarmi da ƙasusuwa. Saboda haka da matar Yaya ta haihu a hunturun 2014, na ce sunan gidanmu da hannuna zan ɗauka. Na kai zabina kasuwa, na haɗa da kuɗin adashi, na hau mota. Muka ƙetare Farin Volta, muka ratsa Bawku da Pusiga, sai Sankase, bakin iyakar Togo, inda ake ciniki da sidi da sefa, kuma kowane kaya "jiya ya sauka daga Lome".

Mai shagon da na shiga neman kyamara ya kira ni Alhaji, ni da ban taɓa wuce Kumasi ba. Ya zaro wata ƴar kyamara mai cika tafin hannu.

"Alhaji, wannan HD ce, 1080. Daga Kanada ta zo. Gashin hancin mutum ma sai ta ƙirga maka."

A duk maganganun da ya faɗa mini ranar, waɗannan ne kaɗai suka tabbata.

Da na kunna ta a gida sai ta yi mini Faransanci, don ashe Kanada ma akwai ɓangaren da shi suke ji. Na kai wa wani tela Busanga da ya yi makaranta a Zabre ta Burkina, ya juya mini ita zuwa Turanci, ya karɓi ladansa: sai da na ɗauke shi yana taka keken ɗinki ta kowace kusurwa. Da dare na gwada a tsakar gida, hoton ya riƙa ƙyafta ido a ƙarƙashin doguwar fitila. Wutar Gana sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, baƙuwar tawa kuma da 60 ta saba. Ina cikin tunanin magani sai dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ya kawo nasa. Aka ɗauke wuta, ƙyaftawa ta tsaya, hoton ma ya tsaya.

Ranar suna kam na yi aiki. Tun da asuba na ɗauki liman yana addu'a, da rabon goro, da yankan rago, da maƙwabtanmu Kusasi da suka shigo da zabi a hammata, da mata a bakin tukwanen tuwo da wake. Ƙurar hunturu na tashi, ina goge gilashi da bakin riga. Kowa na kirana "ɗan jarida".

Washegari na kai katin kyamarar wurin yaron shagon hoto da ke kusa da tasha. Ya duba, ya yi tsaki. Ya ce tsarin nan AVCHD sunansa, kamfanonin Japan biyu ne suka fito da shi a 2006, awa ɗaya tana cin gigabait kusan 8, kwamfutarsa kuwa ta girmi tsarin. Muka dai saka. Liman ya buɗe baki, ya daskare, sai da muka sha koko sannan "amin" ta iso.

To a nan fa rigima ta samo asali. Tunda kwamfutar ba ta iya gudu, kowane hoto sai ya tsaya cik a allo, ɗigo fiye da miliyan biyu, tar kamar rana tsaka. Ga Goggo nan a bayan masu rabo, cinyar rago na nutsewa cikin jakarta, fuskarta kuwa na kallon sama da tsoron Allah. Ga Kawu a gaban ƙwaryar gudummawa, ya ajiye sidi 5, ya ɗauki canjin 10. Launin takardun ma ya fito. Ga mai jan baki a wajen addu'a yana sharar barci da hannuwa a ɗage. Shagon hoto kuma ba shi da ƙofar sirri. Ƴan acaɓar tasha duk sun leƙo.

Kafin la'asar Goggo ta iso gida da kwanon ƙosai.

"Ɗana, an ce injin naka yana yanke mutum."

"Yana yi, Goggo."

"To yanke ni. Naman nan na marasa lafiya ne."

Kawu bai kawo komai ba sai bayani. Ya ce canji ya nema, lissafi ne ya ruɗe masa saboda tun da aka sauya kuɗi a 2007, aka mai da sidi 10,000 ya zama ɗaya, kansa bai daidaita ba. Shekara bakwai ke nan kan bai daidaita ba, amma kullum wajen riba yake karkata. Mma ta ce ita a bar ta, a dai cire mata tamoji. Wata ta ce a cire kishiyarta. Na yi ta yanka har fim ɗin ya koma jariri, da rago kafin a yanka shi, da zabi, da bango.

Sai Yaya ya tuna mini cewa injin ɗakinsa VCD ne. Faifan VCD ɗigo 352 ne a faɗi, 288 a tsayi, wato kashi ɗaya cikin ashirin na abin da na sayar da zabina a kansa. Muka bar kwamfuta ta kwana tana juyawa, dumso ya katse ta, muka sake. Da ya fito, ba a bambanta liman da ladan. Yaron ya ce to yankan me kuma? Muka mayar da kowa wurinsa.

Daren da aka kalla, gidan ya cika har zaure. Da aka zo wurin rabo, wata inuwa mai mayafi ta tura wani abu cikin jaka. Goggo ta matso gaban talabijin, ta ƙura ido.

"Kai! Wace mara kunya ce wannan?"

Mata suka shiga canka, aka tsaya a kan wata baƙuwa daga Binaba da ba ta nan balle ta kare kanta. Kawu ya yaba aikin ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin hoto mai kyau haka ba. Da za a tashi ya ja ni gefe, ya tambayi nawa zan sayar da katin asali. Na ce ba na sayarwa ba ne. Tun daga ranar, in muka haɗu a hanyar masallaci, shi yake fara gaishe ni.